Cutar "Sai Gobe" da Abin da Ya Sami Ka'abu ɗan Maliku

 

Darasinmu na wannan fitowa a kan wata cuta ne wadda malamai suke kira taswifi. Sunan ya fito daga kalmar "saufa" ta Larabci, wadda ake sawa gaban aiki don a nuna za a yi shi can gaba. Mu a Hausa "sai gobe" muke cewa, ko "bari in ɗan samu sarari". Magabata sun ɗauki abin da muhimmanci, har Haɗibul Bagadadi, wanda ya rasu a shekara ta 463 bayan Hijira, ya keɓe babi guda don zargin wannan hali a cikin ɗan littafinsa da ya rubuta kan yadda ilimi yake neman a yi aiki da shi.

Ba malalacin da ke kwance gindin bedi yana jiran a kira shi ga akushi muke nufi ba, shi wannan kowa ya san ciwonsa. Muna nufin mutumin kirki wanda kaya suka yi wa yawa. Magidanci ne da iyali da tsofaffin iyaye, hatsi ya kusa ƙarewa a rumbu alhali damana ba ta faɗi ba, ga ƙane a lakwal, ga bashin mai shago, ga littafin da ya fara gaban malami shekara uku da suka wuce bai sauke ba. Ko kuwa uwar ɗaki ce, da daka da girki da goyo, ga ramuwar azumi tun ta haihuwar fari. Irin wannan mutum yakan kwanta da dare yana lissafin abin da ke kansa har barci ya ƙaurace masa, gari ya waye kuma bai taɓa ko ɗaya ba. Da shi muke magana, kuma za mu fara da labarin wani sahabi wanda ya fi mu imani nesa ba kusa ba, amma wannan cuta ta kama shi.

Abin da ya faru a shekarar Tabuka

An fita yaƙin Tabuka a watan Rajab na shekara ta 9 bayan Hijira, daidai da 630 Miladiyya. Tsakanin Madina da Tabuka tafiyar kusan kilomita 700 ce, wato ta ɗan ɗara nisan Maraɗi zuwa Yamai, kuma a kan raƙumi da ƙafa, cikin hamada. Lokacin zafi ne mai tsanani, dabino ya nuna, inuwar gonaki ta yi daɗi. Al'adar Manzon Allah (S.A.W.) ce idan zai fita yaƙi ba ya bayyana inda ya nufa, amma wannan karon ya faɗa wa mutane sarai, domin kowa ya yi guzuri daidai da nisan hanya. Malaman sira sun ce mutum wajen 30,000 suka fita.

Ka'abu ɗan Maliku (R.A.) mutumin Madina ne, ɗaya daga cikin mawaƙan da suke kare Manzon Allah da harshensu. Yana cikin waɗanda suka yi mubaya'a a Aƙaba tun kafin Hijira, kuma in ban da Badar, wadda ba a zargi kowa kan rashin halartarta ba, babu yaƙin da ya taɓa wuce shi. Buhari da Muslim sun kawo labarin daga bakinsa, bai ɓoye komai ba. Ya shaida cewa bai taɓa samun ƙarfi da wadata irin na wannan lokaci ba, har raƙuman hawa biyu gare shi, abin da bai taɓa haɗawa ba a wani yaƙi. Niyyar tafiya kuwa yana da ita. Kullum da safe yakan fito don ya yi shiri tare da jama'a, ya koma gida bai ƙulla komai ba, yana gaya wa ransa ai abu ne da yake da ikon yi duk sa'ad da ya ga dama. Ana nan har runduna ta tashi. Sai ya ce bari ya shirya cikin kwana ɗaya ko biyu ya cim musu. Ya fita da safe ya dawo hannu wofi, kashegari ma haka, har tafiya ta yi nisa. Ya koma idan ya zaga Madina ba ya ganin kowa sai wanda ake tuhuma da munafunci, ko mai rauni wanda Allah ya ɗauke wa.

A nan ya kamata mai karatu ya dakata. A cikin wannan yaƙi akwai matalautan da ba su da abin hawa, suka zo wurin Manzon Allah suna roƙon ya ɗauke su, da ba a samu ba suka juya suna kuka, kamar yadda aya ta 92 ta Suratut Tauba ta ba da labari. Wanda ba shi da komai ya yi sammako yana nema, mai raƙumi biyu kuwa ya zauna. Ke nan abin da ya riƙe Ka'abu ƙarfinsa ne. Da ya san shiri zai yi masa wuya, da ya fara tun da wuri, amma da yake abin mai sauƙi ne a idonsa sai ya bar shi. Haka take faruwa gare mu. Bashin jikka biyu wanda mutum zai iya biya yau ya fi daɗewa a wuyansa bisa bashin jikka ɗari, gaida ɗan'uwan da ke bayan gida ya fi jinkiri bisa gaida wanda ke Agadas. Abin lura na biyu shi ne, Ka'abu bai taɓa yanke cewa ba zai tafi ba. Babu ranar da ya ce "na fasa". Kowace rana kwana ɗaya tak ya ƙara, kuma kwana ɗayan nan da ake ƙarawa shi ya raba shi da rundunar Manzon Allah.

Da aka dawo, mutum tamanin da wani abu suka zo suna kawo uzuri suna rantsuwa, aka karɓi zahirinsu aka bar zukatansu ga Allah. Ka'abu mai fasahar magana ne, da ya so da ya tsara abin da zai fisshe shi, amma ya faɗi gaskiya cewa ba shi da wani uzuri. Mutum biyu suka yi irin yadda ya yi, Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya. Aka hana Musulmi magana da su ukun. Ka'abu yana zuwa masallaci, yana shiga kasuwa, babu mai tanka masa. Ya haura katangar gonar Abu Ƙatada, ɗan baffansa kuma mafi soyuwar mutane gare shi, ya yi sallama bai amsa ba. Ana cikin haka wasiƙa ta zo masa daga sarkin Gassan yana kiransa ya koma wurinsu a girmama shi, ya gane wannan ma jarrabawa ce, ya jefa ta cikin tanderu. Da aka cika kwana 40 aka umarce su su nisanci matansu. Sai a safiyar kwana na 50, bayan ya yi Asuba a kan soron gidansu, ya ji mai kira daga dutsen Sal'u yana yi masa albishir, ya faɗi ya yi sujada. Aya ta 118 ta Suratut Tauba ita ce ta sauka da karɓar tubarsu. Shirin da bai fi na yini ɗaya ba, ga abin da barinsa ya jawo.

Akwai wani sahabi kuma wanda ba a cika ambatonsa ba, alhali a wurinsa maganin yake, shi ne Abu Haisama (R.A.). Shi ma runduna ta tafi ta bar shi. Malaman sira sun kawo cewa bayan ƴan kwanaki ya shigo gonarsa a wani yini mai zafi, ya tarar matansa biyu kowace ta yayyafa wa rumfarta ruwa, ta sanyaya ruwan sha, ta shirya abinci. Ya tsaya bakin ƙofa ya tuna Manzon Allah yana cikin rana da iska mai zafi, shi kuwa ga shi zai shiga inuwa. Ya rantse ba zai shiga rumfar ko ɗaya ba sai ya cim masa. Aka haɗa masa guzuri, ya hau raƙuminsa, ya riski jama'a a Tabuka. Ka'abu ma irin wannan tunani ya zo masa, ya yi nufin ya bi bayansu, daga baya yana cewa ina ma ya yi. Bambancinsu bai wuce wannan ba: da zuciyar Abu Haisama ta motsa, bai zauna ba. Da ya ce bari ya sha ruwan nan ya ɗan kishingiɗa har rana ta yi sanyi, Allah kaɗai ya san ko da sun zama huɗu.

Wanda kaya suka yi wa yawa

Wani zai ce, shi Ka'abu abu guda ne a gabansa, ni kuwa goma ne, kuma ba ni da raƙumi ko ɗaya. Gaskiya ne, kuma Musulunci bai jahilci wannan hali ba. A cikin addu'ar da Anas ɗan Maliku (R.A.) ya ce yana yawan jin Manzon Allah yana yi, wadda Buhari ya ruwaito, an nemi tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala, da rowa da tsoro, da nauyin bashi da rinjayen mazaje. Ibnul Ƙayyim ya yi bayanin cewa waɗannan abubuwa biyu-biyu suke tafe: damuwa kan abin da ke zuwa ce, baƙin ciki kan abin da ya wuce, gajiyawa rashin iko ce, kasala kuwa rashin nufi ne alhali ikon yana nan. Wannan rarrabewa tana da amfani ƙwarai, domin mai kaya da yawa yakan cakuɗa su wuri ɗaya. Rashin ruwan sama, da tsadar hatsi, da cutar mahaifiyarsa, waɗanda ba shi da iko a kansu, sai ya ɗaure su dami ɗaya tare da ɗinke buhu da zuwa asibiti karɓo magani, waɗanda yana iyawa kafin Azahar. Damin ya gagari ɗauka, sai ya bar shi duka.

Saboda haka aikin farko shi ne kwance damin. Ɗauki takarda, ko da boko ko da ajami, wanda bai iya rubutu ba ya kira ɗansa, a rubuta duk abin da ke kai. Sau da yawa abin da ke hana barci kamar ɗari, in an rubuta sai a ga bai wuce bakwai ba. Abin da ba ka da iko a kansa ka bar wa Mai shi, ƙarshen Suratul Baƙara ya tabbatar mana Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Abin da ya rage kuma fiƙihunmu ya riga ya koya mana yadda ake jera shi. Duk wanda ya karanta Ishmawi ko Ahalari ya san salla tana da lokacin zaɓi da lokacin lalura, ya san akwai wajibi mai yalwar lokaci da mai ƙuntataccen lokaci, ya san farilla tana gaba da nafila. Manomi ma ya san haka ba tare da littafi ba: in ruwan shuka ya sauka ba a cewa sai jibi, domin laima ba ta jira, amma gyaran danga yana iya kaiwa kaka. Kuskuren da muke yi shi ne mu cika yini da abin da ke da yalwa, domin ya fi sauƙi kuma mutane suna gani, mu bar mai ƙunci. Mutum ya halarci suna uku da ɗaurin aure biyu ranar Asabar, ya ce bai samu sararin kai yaronsa mai zazzaɓi wurin likita ba.

Sa'an nan kowane aiki a yanka masa lokaci da sunansa. "Gobe" ba lokaci ba ce, domin kullum akwai wata. Mu kuwa Allah ya raba mana yini gida biyar da salloli, babu agogon da ya fi wannan. Ka ce bayan La'asar ta Talata zan je wurin wane da kuɗinsa, ka faɗa wa wani wanda kake jin kunyarsa don ya tambaye ka. A nan ne wurin faɗin in sha Allahu, kamar yadda Suratul Kahfi ta koyar, wato bayan an ƙulla azama. Abin takaici, mun mayar da wannan kalma mai girma mayafin rashin niyya, har ta kai in an ce wa mutum in sha Allahu sai ya fahimci ba za a yi ba. Wannan rashin ladabi ne ga sunan Allah, ya kamata mu ji tsoronsa.

Game da himma kuwa, mutane da yawa suna jiran ta sauko musu kafin su tashi, kamar mai jiran mota a tasha. A ganinmu an juya abin. Galibi himma tana zuwa ne bayan an sa hannu, kuma duk wanda ya taɓa tashi alwala cikin sanyin Janairu ya san wahalar tana ga zuba ruwan farko. Shi ya sa ake farawa da ɗan abin da rai ba zai ƙi ba. Nana A'isha (R.A.) ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Shafi ɗaya kullum yana sauke Risala, tiya ɗaya da ake ajiyewa duk kasuwa tana rage bashi, da yayyafi kogi kan cika. Wanda ake bi sallolin shekaru, mai Ahalari bai ce ya rama su dare ɗaya ba. Ya nuna cewa wanda yake rama na kwana biyar a kowace rana ba a kiransa mai sakaci, kuma ya hana shi shagala da nafiloli irin su Walaha alhali farilla tana wuyansa. A nemi safiya kuma, domin Manzon Allah ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta, kuma Sakhru al-Gamidi (R.A.), wanda ya ruwaito hadisin, ɗan kasuwa ne da yake tura hajarsa da sassafe, har dukiyarsa ta yawaita.

Wani abin da ke kashe zuciyar magidanci shi ne ganin cewa wahalar iyali tana hana shi ibada. A gyara wannan fahimta. Manzon Allah ya gaya wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (R.A.) cewa duk abin da ya ciyar don neman yardar Allah za a ba shi lada, har lomar da yake sawa a bakin matarsa. Noman da kake yi don ƴaƴanka, da dakan da kike yi don gidanki, in niyya ta gyaru, suna cikin abin da za a auna. Mu ƙara da cewa ba kowace mutuwar jiki ce kasala ba. Zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini, musamman ga mai ciki da mai shayarwa, suna karya gaɓoɓi, haka nan baƙin cikin da ya daɗe har ya hana ci da barci. Mai wannan magani yake bukata tare da addu'a, kada a bi shi da gori.

Inda jinkiri yake zama zalunci

Akwai jinkirin da mai shi kaɗai yake cutarwa, akwai kuma wanda yake cin haƙƙin wani. Hadisi ingantacce ya kira jan ƙafar mawadaci wajen biyan bashi zalunci. Wani hadisin, na Abdullahi ɗan Umar (R.A.), ya nuna bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce ba. Mu duba gidajenmu. Mutum ya rasu, a ce rabon gado sai an yi sadakar arba'in, daga nan sai an cire amfanin gona, daga nan sai wane ya dawo daga Libiya. Shekara goma ta wuce, magada biyu sun bi uban, gona ta shiga hannun babban wa, ƴan mata da marayu suna kallo, shaidun da suka san iyaka sun mutu. Ƙarshenta ƴan ɗaki ɗaya su tsaya gaban alƙali. A mafi yawan lokuta babu wanda ya yi niyyar cin haƙƙi tun farko, kowa cewa ya yi ai abu ne mai sauƙi, duk ranar da aka zauna za a gama. Maganar Ka'abu ce sak.

Mu gwada a kan ramuwar azumi

Nana A'isha (R.A.) ta ce ramuwar Ramadan takan kasance a kanta ba ta samun yi sai a Sha'aban, kuma an bayyana dalilin da cewa hidimar Manzon Allah ce. Daga nan malamai suka fahimci lokacin ramuwa yana da yalwa, amma yana da bango, shi ne Ramadan mai zuwa. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risalar Ibnu Abi Zaidin al-Ƙairawani, wanda ya yi sakaci har wani Ramadan ya riske shi, zai rama, kuma zai ciyar da miskini mudun Annabi ɗaya a madadin kowane yini. Ana duba sakacin ne a ƙarshen Sha'aban: idan kwanakin da suka rage daidai suke da abin da ake bin mutum, yana lafiya, yana gida, mace kuma tana cikin tsarki, bai yi ba, ciyarwa ta hau kansa. Wanda cuta ko tafiya ta riƙe a waɗannan kwanaki, ramuwa kawai zai yi. Ciyarwar ba ta ninkuwa da yawan shekaru, amma kuma ba ta sauke azumin.

To, tsakanin Ramadan da Ramadan akwai sama da kwana 300 da ya halatta a yi ramuwa a cikinsu. Wadda ake bi kwana 12, in ta ɗauki Litinin da Alhamis, mako shida ta gama, domin jerantawa mustahabbi ce, rarrabawa ta halatta. Ta nemi kwanakin sanyi, lokacin da yini yake gajere, kada ta bari sai bazara ta kama, wadda mutanen Tawa da Damagaram suka san zafinta. Wadda ta bar shi sai Sha'aban tana iya tarar da al'ada ko ciki ko baƙi sun cinye kwanakin da ta dogara da su. Maigida kuma yana da nasa rabo a nan: ya tambayi iyalinsa kwana nawa ake bin kowace, ya sassauta mata aiki ranar da ta ɗauka, in da hali ya taya ta da azumin nafila don su yi sahur tare. Wadda shekaru suka taru mata har ta mance adadi, ta ƙiyasta abin da zuciyarta za ta natsu da shi, ta sa a rubuta, ta kwana da niyyar yini na farko a daren Litinin mai zuwa.